Wuƙar mabuɗin gwangwani da kaifi, amma zamewa yake yi: ina matsalar take?

Wani ɗalibi mai koyon zanen injuna ya aiko mini da tambaya. Ya ce an ba su aikin zana mabuɗin gwangwani na hannu, irin mai mariƙi biyu da abin murɗawa a gefe. Ya kwance wani tsoho da yake da shi, ya wasa faifan yankan har yana aske gashin hannu, ya mayar ya ɗaure, amma abin bai sake zani ba: ya yanka nan, ya tsallake can, wani lokaci ma ya suɓuce daga bakin gwangwanin. Yana so ya san inda ƙarfin yankan yake fitowa, da abin da ya kamata ya fi mai da hankali a kai a zanensa.

Malam, sannu da ƙoƙari. Kwancewar da ka yi ita ce daidai, domin wanda bai taɓa warware abu da hannunsa ba, zanensa a takarda yake ƙarewa. Sai dai ka yi zaton wuta a maƙera, ga ta can a masaƙa. A mabuɗin gwangwani, wuƙa ce ta fi kowa ɗaukar ido, kuma ita ce ba kasafai take da laifi ba. Abin da ke hannunka ya fi kama da ƙaramin jirgin ƙasa da ke bin layin dogo, layin nan kuwa faɗinsa bai kai milimita 1 ba. In ya zauna daram a kan layin, ko wuƙarsa ta ɗan dakushe zai yanka. In ya goce, ko reza ka ɗaura masa aikin banza ne.

Saboda haka kafin ka zana mabuɗi, fara zana gwangwani. Ɗauki wanda ba a buɗe ba ka shafa yatsa a bakinsa. Ɗan tudun nan da ya zagaye sama ba walda ba ce. Kalmasa ce, irin wadda tela ke yi wa bakin riga, sai dai ta ƙarfe ce kuma ninki biyu. A masana'anta, bakin jikin gwangwanin yana ɗan buɗewa waje, murfin kuma ya fi shi faɗi. Inji yana naɗe gefen murfin ya shige ƙarƙashin bakin jikin, sannan ya sake zagayowa ya danne su su manne. Idan ka datsa kalmasar ka duba ta da gilashin ƙara girma, falle biyar za ka ƙirga, uku na murfi, biyu na jiki, da ɗan danƙo a tsakaninsu mai hana iska shiga. Kaurin kowane falle wajen milimita 0.2 ne, wani ya ɗan fi, wani bai kai ba. Tsayin kalmasar kusan milimita 3 ne, kaurinta milimita 1 da ɗan ɗoriya. Daga cikin falle biyar ɗin nan, uku ne kawai suka leƙo waje da bangon gwangwanin. Ɗan leɓen da suka yi daga ƙasa, wanda farcenka ke maƙalewa a kai idan ka shafo daga ƙasa zuwa sama, shi ne layin dogon da nake faɗa maka. Daga ciki kuma murfin ya ɗan nutse ya yi kwari a gindin kalmasar, a nan wuƙa ke bi.

Tarihin abin ma shaida ne. Peter Durand ya karɓi takardar mallakar fasahar adana abinci a gwangwani a Ingila a 1810, Bryan Donkin da John Hall kuma suka fara sarrafa shi a masana'antarsu ta Landan a 1813. Gwangwanayen lokacin kauri ne da su, da dalma ake liƙe murfinsu, umarnin da ake rubutawa a jikin wasu kuwa shi ne a sa kurfi da guduma. Sai a 1855 Robert Yeates ya fito da mabuɗi mai kama da ƙambori a Ingila, Ezra Warner ya biyo da nasa a Amurka a 1858, dukansu wuƙa ce da ake sokawa ana ɓanɓara. Wanda ya fara kawo faifai mai juyawa shi ne William Lyman a 1870, amma dubi yadda nasa yake aiki: sai ka huda tsakiyar murfin ka kafa tsini, ka daidaita tsawon hannun da faɗin gwangwanin, sannan ka zagaya da faifan kamar mai zana da'ira da kamfas. Yana da wuƙa mai juyawa, abin da ya rasa shi ne abin kamawa a baki. Da kalmasa mai ninki biyu ta bazu a farkon ƙarni na 20, sai aka sami wurin riƙo. A 1925 kamfanin Star na San Faransisko ya ƙara wili mai haƙora da ke cizon leɓen daga ƙasa, a 1931 kuma kamfanin Bunker Clancey na birnin Kansas ya fito da mai mariƙi biyu irin na filaya, wanda ke riƙe gwangwanin da kansa. Wanda ka kwance jikan wannan ne. Ka ga daga Lyman zuwa Star shekara 55 ne, kuma ba kaifi aka ƙara a tsakani ba, riƙo aka ƙara.

To, mu zo kan ƙarfin. Lambobin da zan yi amfani da su misali ne don lissafi ya zauna, kai za ka auna naka ka musanya.

Ɗauki gwangwani mai faɗin milimita 73, girman da aka saba gani. Kewayensa kusan milimita 229. In kaurin murfin 0.2 ne, to ƙarfen da za a datse gaba ɗaya murabba'in milimita 46 ne. Irin wannan fallen ƙarfe yana datsewa ne idan kowace murabba'in milimita ta ɗauki nauyin kilo 30 zuwa 40. Mu ce 35. Ka ninka, za ka sami kilo 1,600. Wato da za ka cire murfin a bugu ɗaya, kamar yadda injin huda ƙarfe yake yi, sai ka ɗora masa nauyin da ya haura tan ɗaya da rabi. Babu hannun da ke da wannan. Dabarar mabuɗin ita ce ba ya fuskantar kewayen duka. A kowane lokaci, bakin faifan yana taɓa abin da bai wuce milimita 2 na ƙarfen da ba a yanka ba. Milimita 2 sau 0.2 sau 35, kilo 14 ke nan. An mai da tan ɗaya da rabi ya koma kilo 14, abin da aka biya kuwa shi ne lokaci da zagaye. Almakashi ma haka yake yi wa yadi.

Kilo 14 ɗin nan, da ƙarfin hudawar farko wanda ya fi shi, daga matsar mariƙi suke zuwa. Lura da inda ƙusar da ta haɗa mariƙan biyu take: a can ƙarshen kai take, faifan yana kusa da ita, hannunka kuma yana can nesa a ɗaya ƙarshen. Wannan ya bambanta da filaya ko awartaki, inda ƙusar take tsakiya. Tsarinsa irin na baro ne, inda taya take gaba, kaya a tsakiya, mai turawa a baya. In daga ƙusa zuwa faifai milimita 25 ne, daga ƙusa zuwa inda kake matsawa kuma 150, to ƙarfinka ya ninku sau 6. Matsa ta kilo 10, wadda ba ta gajiyar da baligi, ta zama kilo 60 a bakin faifai. A lokacin hudawa, wurin da bakin ya taɓa murfin bai kai murabba'in milimita 1 ba, saboda haka kilo 60 ya fi ƙarfin ƙarfen, sai ka ji ɗan "ƙas" ɗin nan. Abin da nake so ka lura da shi a zanenka shi ne cewa kilo 60 ɗin ba gwangwanin yake dannewa ƙasa ba. Faifai yana danna daga sama, wili yana tokarewa daga ƙasa, ƙarfin ya zagaya ta mariƙan ya koma hannunka. Shi ya sa za ka iya ɗaga gwangwanin sama yana rataye a jikin mabuɗin kana yanka. Ƙarfe ɗaya ba ya amo. Duk abin da faifan ya yi, wilin ne ya tsaya masa.

Sai abin murɗawa. Kunnuwansa biyu ne, babban yatsa yana tura ɗaya, manuni yana jan ɗaya. In tazarar da ke tsakanin inda yatsun biyu suke milimita 60 ce, kowanne kuma ya sa kilo 2, to murɗin da ya shiga shaf, wato sandar da ke juya wilin, 120 ne a ma'aunin kilo sau milimita. Wili mai faɗin milimita 15, daga tsakiyarsa zuwa haƙori 7.5 ne. Raba 120 da 7.5, kilo 16 ne ke jan bakin gwangwanin gaba. Kewayen wilin milimita 47 ne, saboda haka gwangwaninmu mai kewayen 229 zai ci cikakken juyi kusan 5, wato murɗawa 10 in kana yin rabi-rabi kamar yadda wuyan hannu yake yi.

A nan mai zane yake ciniki. In ka ƙara wa wilin girma, juyi ya ragu amma murɗawa ta yi nauyi. In ka rage shi, ta yi sauƙi amma a daɗe ana juyawa, haƙoran da ke cizo a lokaci guda kuma su ragu, kowanne ya ɗauki kaya fiye da kima ya cinye da wuri. Hanya mai arha ta sauƙaƙa wa mai raunin hannu ita ce faɗaɗa kunnuwan ko a sa dogon hannu mai juyawa, a bar wilin yadda yake. Ni a ganina yawancin mabuɗan da ake yi an ƙuntata musu kunnuwa ne don su shiga aljihun tebur, ba don hannun mutum ba.

Akwai ɓarawon da ɗalibai kan manta da shi a lissafi, shi ne gogayya a shaf. Kilo 60 ɗin da ka matsa, shaf ɗin wilin ne ke ɗauke da shi yana juyawa a cikin raminsa. In ƙarfe ne a kan ƙarfe ba mai, gogayyar kan kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin, wato kilo 12. In kaurin shaf ɗin milimita 6 ne, rabinsa 3, to 12 sau 3, 36 ke nan daga cikin 120 ɗinka. Kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar yatsunka ya tafi a shaf guda, ga kuma na faifan bai shigo lissafi ba. Wannan ne ya sa masu kyau suke da bushi, wato ɗan zobe na roba mai santsi, a ramin, kuma shi ya sa mutumin da ya ji abin ya yi tauri ya ƙara matse mariƙi, sai ya ƙara wa kansa taurin.

Yanzu haƙoran wilin, waɗanda su ne zuciyar abin. Me ya sa ba a yi wilin sumul ba? Domin sumul a kan sumul, da matsar kilo 60, abin da zai iya ja kafin ya zame bai wuce kilo 10 ko 12 ba, in bakin gwangwanin ya jiƙe ko ya yi maiƙo kuwa ya ragu ƙwarai. Haƙoran ba gogayya suka dogara da ita ba, nutsewa suke yi. Ƙarfensu ya fi na gwangwanin tauri, matsar mariƙi tana cusa su cikin leɓen, kowane haƙori ya haƙa wa kansa ɗan gurbi ya tokare a ciki ya tura. Buɗe gwangwani da mabuɗi mai lafiya ka kifa shi ka dubi ƙarƙashin kalmasar: za ka ga sawu a jere kamar ɗinkin keke, tazara ɗaya daga farko har ƙarshe. Wilin da kansa yake sassaƙa matakalar da yake hawa. Ka yi haka da naka mai zamewa, na tabbata za ka ga wuraren da sawun ya koma ƙarzuwa mai sheƙi, inda haƙoran suka kankare ƙarfen maimakon su nutse. Da zarar sun kankare wuri, leɓen ya sirance a nan, shi ya sa komawa baya a sake gwadawa a wuri guda ba ya cika yin amfani.

Faifan yankan shi ma ba faifai ne kawai ba. Duba shi ta gefe. Bayan bakin mai kaifi akwai kwari ko kafaɗa, kuma ita ce ke hawa saman kalmasar. Aikinta biyu: ita ke damƙe kalmasar tare da wilin, ita ke kuma hana wuƙar nutsewa fiye da yadda ake so. Bakin kansa ba wasin wuƙar yanka nama ba ne, mai kauri ne kamar na kurfi, kuma gangarensa ya fi yawa a gefe ɗaya. Sannan shaf ɗinsa ba a miƙe yake daidai da na wilin ba, an ɗan karkata shi. Karkatar nan da gangaren suna sa faifan ya riƙa manne wa bangon kalmasar daga ciki, ya yanka dab da shi, ya kuma lanƙwashe ragowar ƙarfen ƙasa ya kwantar da shi a jikin bango. Shi ya sa idan mabuɗi mai kyau ya gama, bakin gwangwanin ba ya cika yankan yatsa, murfin ne ke da kaifi. A ƙarƙashin wilin kuma za ka ga ɗan ƙarfe da ya turo yana jingina da jikin gwangwanin. Kada ka raina shi. Shi ke tsai da kusurwar da mabuɗin yake zama, in ya lotse ko ya lanƙwashe, karkatar da aka auna ta tashi a banza.

A bayan faifan sau da yawa akwai ɗan sifirin ko washa mai lanƙwasa. Dalili shi ne kalmasar ba kauri ɗaya take da shi ko'ina ba. Gwangwanin da aka naɗe jikinsa daga falle yana da layin walda daga sama zuwa ƙasa, inda layin ya shiga kalmasa kuwa ƙarfe ya ƙaru. Duk mai buɗe gwangwani ya san wurin, nan ne murɗawa ke yin tauri sau ɗaya a zagaye. Sifirin ɗin ne ke ba faifan damar ɗan ja baya ya haye tudun ya dawo. In ka ɗaure komai tamau ba wurin numfashi, a nan zai tsaya cak.

Giya biyun da ke bayan faifai da wili fa, wato ƙananan tayoyin nan masu haƙoran da ke shiga juna? Masu araha, irin siraran nan na zallar ƙarfe, ba su da su. Wuƙarsu a kafe take, wilin ne kaɗai ke jan ƙarfe yana tura shi a bakinta. Yana aiki, amma duk kayan yana kan haƙora. Idan aka sa giya, rufe mariƙi yana haɗa haƙoransu, sai murɗi ɗaya ya juya wili da faifai tare, kalmasar ta sami mai ja daga ƙasa da mai ja daga sama. Akwai kuma wata riba. Bakin faifan ya fi kafaɗarsa nisa daga tsakiya, saboda haka in kafaɗar tana tafiya daidai da gudun gwangwanin, bakin ya fi ƙarfen da yake yanka sauri. Yana danna yana kuma gogawa, kamar mai jan wuƙa a kan igiya maimakon ya danna ta kawai. Za ka lura haƙoran giyan nan dogaye ne kuma sako-sako, har ka ce aikin ganganci ne. Da gangan aka yi. Shaf ɗin biyu ba a layi ɗaya suke ba, tazararsu kuma tana canzawa da kaurin kalmasar, to giya mai matsattsun haƙora irin ta agogo cijewa za ta yi.

Mu dawo kan naka mai zamewa. Ka tuna gangaren faifan yana tura shi gefe. Duk turin da ya yi wa bangon kalmasar, bangon yana mayar masa, wannan turin kuma yana ƙoƙarin raba mariƙan biyu ta gefe, wato ya karkatar da na sama daga na ƙasa. Abin da ke hana su shi ne ƙusar nan guda ɗaya da kaurin mariƙan. Gwangwani bayan gwangwani, kan ƙusar yana saki, raminta yana faɗaɗa, ramin shaf ɗin wilin ma yana cinyewa ya koma kamar ƙwai. Leɓen da wilin ke cizo bai kai milimita 1 ba. In wilin ya sami damar gocewa da rabin milimita, fiye da rabin riƙonsa ya tafi, sai haƙoran su riƙa kama gefen leɓen kawai su kankare shi su zame. Faifan kuma, da ya rasa mai tokare masa daga ƙasa, sai ya hau kan murfin ya bar gada ba a yanka ba. Ga gwajin da zai gaya maka gaskiya cikin daƙiƙa biyar: rufe mariƙan ba gwangwani, ka riƙe kowanne da hannu ɗaya, ka motsa su ta gefe, ɗaya gaba ɗaya baya. In ka ji ƙwas-ƙwas, ka sami mai laifi. Sannan ka kama wilin da yatsa ka girgiza shi. In ƙusar ce ta saki, ɗora kanta a kan ƙarfe mai nauyi ka ɗan daddaka ɗaya kan da guduma, a hankali, har motsin ya ɓace amma mariƙan suna buɗuwa. Na sha farfaɗo da waɗanda aka yanke wa ƙauna da wannan kaɗai. Kafin ma ka ɗauki guduma, sa tsohon buroshi ka wanke tsakanin haƙoran, domin busasshen abinci da tsatsa da takardar jikin gwangwani suna cike gurbin su mai da wilin sumul.

Abin da wannan ke nufi ga zanenka shi ne wurin da za ka kashe ƙarfe. Mariƙin da aka yanko daga falle yana da ƙarfi ta fuskar matsawa, domin a tsaye yake ɗaukar kayan, amma ta gefe lagwani ne. Taurinsa ta gefe yana bin kauri ne sau kansa har uku: in ka ninka kaurin biyu, taurin ya ninku takwas. Daga milimita 1.5 zuwa 2 kawai, taurin ya haura ninki biyu. In ba ka son nauyi, buga masa ƙashin baya ko ka lanƙwasa gefensa, musamman tsakanin ƙusa da shaf. Ba ƙusar faffaɗan kai da washa. Ba shaf ɗin wilin dogon rami ya zauna a ciki, kada ka bar shi yana lilo a kaurin falle ɗaya. Roba mai laushi da launi a mariƙi tana da daɗin riƙo, ban hana ba, amma ba girin-girin ba dai ta yi mai; na ga masu ƙaton mariƙi da kansu ke rawa tun suna sababbi.

Kan irin ƙarfe, a taƙaice: faifai da wili dole su fi gwangwani tauri sosai, saboda haka ƙarfen da ake gasawa a tsoma ya taurara ake so. Ƙarfen cokali mara tsatsa, wanda ake kira 18/8 ko 304, ba ya taurara da wuta, bai dace da nan ba ko da yake ya dace da mariƙi. Irin na wuƙaƙe, kamar 420, yana taurara kuma yana jure ruwa daidai gwargwado. Baƙin ƙarfe mai kabon da aka shafa wa kurom ya fi riƙe haƙori, sai dai shafen yana gogewa a daidai inda ake aiki, tsatsa ta shiga ta nan. Duk wanda ka zaɓa, a shanya shi bayan wanki.

In malaminku ya ba da zaɓi, akwai wani tsarin da ya yaɗu daga shekarun 1980, mai yanka ta gefe. Shi wilinsa ne ke bin kalmasar daga ciki, faifan kuma ya tsaga fallen waje na kalmasar, wanda na murfi ne, sai murfin ya ɗago kamar hula. Wuƙa ba ta taɓa abinci, murfi ba ya faɗawa ciki, kaifi kaɗan ne. Amma ban ba ɗalibi shawarar ya fara da shi ba, domin zurfin yankan falle ɗaya ne tak, wajen milimita 0.2. In ya gaza, murfin ba zai ɗago ba. In ya zarce, ya shiga fallen da ke baya ya yi nauyin juyawa. Abin da ake yafe wa mai yanka ta sama ba a yafe wa wannan. A ɗaya gefen kuma akwai P-38, ɗan ƙaramin mabuɗin sojojin Amurka, na 1942, tsawonsa milimita 38, ƙarfe biyu ne kacal, ba wili ba giya. Amma dubi jikinsa: akwai ɗan tsagi da ke maƙale ƙarƙashin leɓen kalmasa, a kansa ake dogara a ɓanɓara. Ko shi da ya yar da komai, bai yar da riƙon leɓe ba. Ka gwada kowane iri a gindin gwangwanin da aka matso jikinsa daga falle ɗaya, mai zagayayyen gindi mara kalmasa, ka ga ko zai sami abin kamawa.

Wani abu da ba a cika tunawa ba: tsarin nan na mai dama ne. Faifai dole ya kasance a sama kuma a ciki, abin murɗawa a waje, saboda haka in bahago ya so murɗawa da hagu sai mariƙan su juya masa baya. Gyaransa shi ne a yi zanen kamar yadda zai bayyana a madubi, har da gangaren faifan da karkatarsa. In ka ambaci wannan a rahotonka, malamin zai san ka riƙe abin a hannu.

Da ni ne kai, zan fara da auna kalmasar gwangwani iri huɗu ko biyar da kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, tsayi da kauri da zurfin kwarin ciki, in zana mafi ƙanƙanta da mafi girma a babban sikeli. A kan wannan zanen zan ɗora wili da kafaɗar faifai, in tsai da tazarar da ke tsakaninsu da iyakar motsin da zan yarda da shi ta gefe. Daga nan tsawon mariƙi da faɗin kunnuwa lissafi ne mai sauƙi, irin wanda muka yi a sama.

Faifan da ka wasa kuwa, ina jin tsoron ka rage masa kwana. Wasin ya ci faɗinsa, saboda haka bakin ba zai nutse zurfin da yake nutsewa a da ba kafin kafaɗar ta zauna a kan kalmasa. In kuma ka wasa shi ta gefe biyu, ka ɓata gangaren da ke manna shi da bango. Bakin da ya yi sirantar aske gashi zai naɗe ko ya ɓalle a gwangwani na biyu ko na uku. Gyara ƙusar, ka wanke haƙoran, ka gwada shi haka. In ya kama leɓen da kyau amma yana barin gada, to faifan ne ya gajarce, sai ka nemo wani daga mataccen mabuɗi mai irin girmansa.